Daga Sito Zuwa Gadon Majinyaci: Inda Maganin Asibiti Ke Maƙalewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana a kan abin da duk mai jinya ya sani: likita ya rubuta magani, a je tagar famasi a ce babu, sai a sayo a waje. Jama'a na ɗauka ko an sace ne ko gwamnati ba ta saki kuɗi ba. Duka biyun na faruwa, amma a ganina yawancin "babu" daga lissafin da aka yi wa riƙon sakainar kashi take fitowa.

Asibitocin gwamnati da yawa suna aiki da asusun magani mai juyawa, tsarin da ya bazu a Afirka bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987. A sayo magani, a sayar da 'yar riba kaɗan, kuɗin ya koma sayo wani. A Kano hukumar samar da magunguna ta jiha, DMCSA, ce ke sarowa ta raba. Asusun yakan zurare ta hanya uku: a ari kuɗinsa a sayi man janareta ba a mayar ba, a ba wasu magani kyauta ba tare da an biya asusun ba, ko a ci gaba da sayarwa a tsohon farashi. Wannan na ƙarshe ya yi ɓarna sosai tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Wanda ya sayar da katan ɗari a farashin da ya saro, sai ya koma ya tarar kuɗin ba zai sayo masa ɗarin ba. Farashin sake sarowa ya kamata a riƙa dubawa.

Sai oda. Kowane magani a sito yana da katinsa, inda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita da ragowa. Daga nan ake gane abin da ake sha a wata. A ce asibiti na amfani da kwalba 300 ta wata allura a wata, kaya kuma na ɗaukar mako shida kafin su iso. Ana buƙatar 450 na zaman jira, da ƙarin 300 saboda ko-ta-kwana. Ke nan da ragowa ta sauko 750 ya wajaba a tura oda. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da kwanakin da magani ya yanke. Idan ya ƙare a tsakiyar wata, kati zai nuna 150 kawai suka fita, sai a yi oda da wannan adadi, ƙarancin ya sake dawowa da kansa.

In kaya sun iso, kada a sa hannu sai an ƙirga, an duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki. A kan kantar ajiya, wanda zai riga lalacewa shi ake sawa a gaba, ko da shi ya zo daga baya. Insulin, alluran rigakafi da oksitosin (allurar tsayar da jini bayan haihuwa) suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, a duba ma'aunin firji safe da yamma a rubuta. Oksitosin ya fi tayar mini da hankali. Zafi na rage masa ƙarfi ba tare da launinsa ya sauya ba, ungozoma ta yi wa mai jego allura, jini ya ci gaba da zuba, ba wanda zai zargi firjin da ya kwana ba wuta.

A ɗakin jinya, nas tana tabbatar da abu biyar kafin ta ba da magani: majinyacin, maganin, adadinsa, hanyar bayarwa da lokaci. A tambayi mutum cikakken sunansa a haɗa da lambar fayil, domin lambar gado na sauyawa, kuma a ɗaki guda ana iya samun masu suna iri ɗaya. Yaro a auna nauyinsa. Allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani miligiram 2.4 ce ga kowane kilo, amma 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a yi ta farko, sannan bayan awa 12, sannan a awa ta 24. In aka ƙiyasta nauyi da ido, ko aka tsallake ta tsakar dare don dangi ba su sayo ba, maganin ba zai yi aikin da ake so ba. Mai jijjigar ciki da ake yi wa magniziyam salfet, kafin kowace allura a duba numfashinta, fitsarinta da motsin gwiwa, kuma a tanadi makarinsa, kalsiyam gulukonet, a kusa. Fotasiyam kulorayid kuwa ba a tura shi kai tsaye a jijiya, yana iya tsayar da zuciya, sai an sirka shi a ƙarin ruwa. Bai kamata ma a ajiye shi wuri ɗaya da ruwan haɗa allura ba.

Sa hannu a takardar magani bayan an bayar ake yi, nan take. Gurbin da aka bari fayau shi ke sa mai karɓar aiki ta maimaita allura ko ta tsallake ta.

Kirana ga kwamishinonin lafiya da shugabannin asibitoci: a ware wa kuɗin magani asusun banki na kansa, gwamnati ta riƙa biyan abin da aka bayar kyauta duk wata, a ƙirga sito duk ƙarshen wata tare da wanda ba ma'aikacin siton ba, a kuma sa wa firjin ɗakin haihuwa sola. Kwandon maganin gaggawa na kowane ɗaki a riƙa duba shi a duk miƙa aiki, a cike abin da aka taɓa kafin mai sauka ta tafi gida.

Wassalam.

Wani mai harhaɗa magunguna,
Kano.