Anti, in faɗa wa Yaya inda ɗansa yake ko in ja bakina?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a, Allah ya ƙara basira ya saka miki da alheri kan yadda kike warware wa mutane matsaloli. Dan Allah ki ɓoye sunana, don mu Hausawan da ke nan ba mu da yawa, kowa ya san kowa. Ni 'yar Kano ce, aure ne ya kawo ni Amurka, muna zaune a Bronx cikin birnin New York, aikina kula da tsofaffi a gidajensu, kuma shirinki ta intanet nake bi a waya in na samu tsohuwar da nake kula da ita ta yi barci.

Maganar ɗan yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya muke da babansa. Yaron shekararsa 19, nan aka haife shi, ni na zauna da uwarsa ta yi jego don lokacin ba ta da kowa a ƙasar, ni na goya shi, kinga kuwa ba zan ce miki ɗan wani ba ne. Yaro mai kunya, ba ya shaye-shaye, ba ya bin 'yan iskan unguwa, ya yi sauka tun yana ɗan 14 aka yi walima har da su Yaya ana ta alfahari. Toh a watan Janairu ƙaninsa ya ɗauki wayarsa zai yi wasa sai ya ci karo da hirarsa da wani namiji, irin hirar da ba sai na faɗa miki ba, shi kuma yaro bai yi wata-wata ba ya kai wa uban. Yaya ya dawo daga tuƙin tasi cikin dare ya tashe shi ya tambaye shi, shi kuma maimakon ya musa sai ya ce eh haka yake ji tun yana ƙarami kuma ya yi addu'a ya gaji. Aka yi duka, aka zuba masa kaya a baƙar ledar shara aka wurgo waje, Yaya ya ce ya sallama shi wa duniya kuma duk wanda ya ba shi masauki a dangi shi da shi har abada.

Anti wanda bai taɓa ganin Janairun New York ba ba zai gane ba. Sanyi ne da ruwa ke daskarewa a kan titi, har hukumar birnin tana da doka in sanyi ya kai haka dole gidajen kwanan marasa galihu su karɓi duk wanda ya zo, amma shi yaron bai san wannan ba, ina zai sani, bai taɓa kwana a waje ba. Jirgin ƙasa mai lamba D ya dinga shiga, daga Norwood a nan Bronx har ƙarshen layi Coney Island ya sake dawowa, haka yake kwana a zaune. Ga shi da asma tun yana jariri kamar yara da yawa a kudancin Bronx, abin shaƙarsa kuma a gida aka bar shi. Ƙarshe dai numfashi ya sarƙe masa a tasha aka kwashe shi sai asibiti, a can wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta tambaye shi ina gida ya ce babu, ta tambayi dalili ya faɗa, ita ta haɗa shi da wata cibiya da ake kira Ali Forney Center.

Ni duk wannan ban sani ba sai daga baya, don ya kashe waya, uwarsa tana ta kuka hawan jininta ya tashi, muna ta bin asibitoci a ɓoye ba da sanin Yaya ba. Rannan kawai sai ga saƙo a WhatsApp da baƙuwar lamba, wai Gwaggo ni ne, ina lafiya, amma ki rantse ba za ki faɗa wa Baba inda nake ba. Na rantse. Muka haɗu a wani gidan abincin 'yan Senegal a titi na 116 a Harlem, ya rame amma tsaf da shi, ya ci shinkafa kamar ba gobe, ni kuwa ko loma ban iya kaiwa ba.

Da na koma gida na zauna na bincika wurin da kaina don hankalina bai kwanta ba. Ashe ƙungiya ce mai zaman kanta, ba ta neman riba, wani mutum Carl Siciliano ya kafa ta a 2002, kuma sunan wani matashi baƙar fata aka sa mata wanda shi ma a titi ya yi rayuwarsa har aka harbe shi a Harlem a 1997 yana da shekara 22. Aikinsu kenan, matasa daga shekara 16 zuwa 24 masu neman jinsi da masu sauya jinsi waɗanda ba su da wurin kwana, da yawansu iyaye ne suka kore su. Suna da wurin da yaro zai shiga ya ci abinci ya yi wanka ya ga likita, suna da gadajen gaggawa, suna kuma da gidajen da ake zama na tsawon lokaci har mutum ya samu aiki ya tara kuɗin haya, sai dai gadon ba ya isa, layi ake bi, shi ma sai da ya jira kafin ya samu. Kuɗinsu daga gwamnati ne da kuma masu ba da taimako, har na ga wata tsohuwar 'yar wasan talabijin Bea Arthur ta bar musu dala 300,000 a wasiyyarta, aka buɗe gida da sunanta a 2017. Na ce ikon Allah, mu nan ko asusun kai gawa gida sai an yi ta rigima kafin a haɗa.

Sun gyara masa takardun inshorar lafiya ta gwamnati da ake kira Medicaid, ya samu maganin asmarsa, an yi masa gwajin ƙanjamau Alhamdulillahi babu, yana ganin mai ba da shawara kan damuwa don ya faɗa min da bakinsa akwai daren da ya tsaya bakin layin dogo yana tunanin abin da ba na son in rubuta. Sun taimaka masa ya koma kwaleji. Har ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗinsa ta sanar da shi cewa a dokar jihar New York uba ne ke da alhakin ciyar da ɗansa har ya kai 21, in yana so zai iya zuwa kotun iyali, ya ce mata a'a shi ba zai kai Baba kotu ba ko da zai mutu da yunwa. Wannan maganar ita ta fi karya min zuciya wallahi.

Yanzu kar ki ce ko na sauya ne don na daɗe a Turai. Ni Musulma ce, abin da addinina ya ce kan luwaɗi na sani kuma ban da ja, na faɗa masa a fuskarsa, ya sunkuyar da kai ya ce Gwaggo na sani. Kuma gaskiya akwai abubuwan wurin da ba su kwanta min ba, tutar bakan gizon nan ko ina, ana ce musu su yi alfahari da yadda suke, ana raba maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PrEP wanda ni a raina rabi na ce gara haka da ya kwaso cuta rabi kuma na ce ai wannan buɗe ƙofa ne. Ina tsoron in ya daɗe a cikinsu ya saki salla ya saki mu baki ɗaya, duk da dai har yanzu yana yi, azumin da ya wuce ma bai sha ba, ya ce ba wanda ya hana shi. Amma Anti in za a faɗi gaskiya a faɗe ta duka, daren da yaron nan yake neman mutuwa a tasha mu muna da dangi a Bronx sun fi gida biyar, muna da masallaci, muna da ƙungiyar 'yan gari mai taro duk wata, ba ɗaya da ya buɗe masa ƙofa, kowa na tsoron Yaya da bakin mutane. Waɗanda muke zagi su suka ba shi bargo. Na rasa inda zan ajiye wannan a raina.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Yaya ya fara zargin na san inda yake. Ya zo gidana ya zauna ya sassauta murya, wai ya huce, in taimaka in lallaso yaron a ce masa Hajiyarmu ba lafiya tana son ganinsa, a saya masa tikiti su tafi Kano tare. Da na matsa shi da tambaya sai ya fito min a mutum, in sun sauka zai karɓe fasfonsa, a kai shi wajen wani malami a yi masa ruƙiyya, in bai yi ba akwai gidan mari, bayan nan a ɗaura masa aure da 'yar ƙanwarmu shi kenan magana ta mutu. Anti jikina har rawa ya yi. Ni ban manta da abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300 wasu da sarƙa a ƙafa, yara da manya, jiki duk tabo. Yaro mai asma wanda Hausarsa ma a karye take za a kai irin wannan wuri? Ga dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi, shekara 10 ga wanda ya shiga ko ya tallafa wa irin ƙungiyoyin nan, ga dokar shari'a a Kano tun 2000, ga Hisba, ga 'yan unguwa da in magana ta fita ba sa jiran alƙali. Sannan ita yarinyar da za a liƙa masa me ta yi? Shekararta 18, ita ma 'yarmu ce, a ɗaura mata aure da wanda ba ya sha'awarta a ɓoye mata dalili, gobe ta zo tana rubuto miki wasiƙa irin waɗanda kike karantawa kullum.

Na ce wa Yaya hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ya ce ai shi ya sa zai kai shi a gyara. Na ce in yi tunani. Tun ranar kullum sai ya kira.

Maigidana kuma na roƙe shi mu ɗauko yaron ya zauna da mu ko a falo ne, ya ce sam, ɗaki biyu gare mu ga yara, ga babbar 'yarmu an kawo kuɗin gaisuwarta, in dangin mijin suka ji wa muke ajiye da shi za su fasa. Ban ga laifinsa sosai ba don na san mutanenmu, za su iya. Wani malami da na tambaya a waya ba tare da na faɗi suna ba ya ce min yanke zumunci babban zunubi ne kuma ba a korar mai laifi daga rahamar Allah, amma da na ce to yaron yana zaune a cibiyar su waye sai ya ce in fito da shi ko ta halin ƙaƙa, na ce in kai shi ina Malam, ya ce Allah zai kawo mafita.

To Anti ga tambayoyina. Rantsuwar da na yi wa yaron, da haƙƙin Yaya a matsayinsa na uba kuma babban wana, wanne ke gaba? In na ci gaba da cewa ban sani ba ƙarya nake yi masa, in na faɗa kuma na san abin da zai biyo baya, su ma'aikatan wurin ba za su faɗa masa komai ba don yaron ya wuce 18, ta wajena kaɗai zai samu. Shin in gargaɗi yaron a kan maganar tafiya Kano, ko yin haka raba ɗa da uba ne har abada? Uwarsa fa, ta san yana raye don na ce mata ya kira ni, amma ban faɗa mata wurin ba saboda ba ta iya riƙe magana in Yaya ya daka mata tsawa, ina da alhakinta? Ita ƙanwar tamu da ake shirin ɗaukar 'yarta, in kira ta in faɗa mata gaskiya ko in bari?

Sai ta ƙarshe, ma'aikaciyar nan da ke riƙe da fayil ɗinsa ta aiko ta bakinsa wai suna so wani daga dangi ya zo a zauna da ita da shi, ko mutum ɗaya ne, don yaran da ke da wani nasu a waje sun fi saurin tsayawa da ƙafarsu. Mako mai zuwa ne. Ina so in je, amma ina tunanin in shiga wurin da hijabina wani ɗan tasi ɗan garinmu ya hango ni, kafin magariba labari ya kai Kano, kuma ban sani ba ko zuwan nawa kamar na sa hannu ne a kan abin da Allah ya hana.

Dan Allah ki karanta a shirin wannan makon kafin ranar ta zo. In kuma za ki buɗe layi masu sauraro su kira, ki roƙe su su ba da shawara kawai kar su tsine masa, uwarsa ma tana jin shirin.

Taki,
wata 'yar uwa daga Bronx