Hanyar Gwanja tana nan, amma ba ta inda fatake suka bi ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili mu yi tsokaci a kan shafinku na yawon buɗe ido. Mu direbobi ne da 'yan rakiyar matafiya masu aiki tsakanin Kano, Legas da Tamale. Duk sanda hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, sai mu ga an jero wa masu karatu sunayen wurare a Afirka ta Yamma da hotuna masu ɗaukar ido, amma ba a gaya musu ta ina ake bi, wace takarda ake riƙewa, ko a wane wata ake zuwa ba. Abin da ke biyo baya a kan iyaka ake ganinsa: magidanci da iyalinsa tsaye cikin rana, guzuri yana ƙarewa tun bai ga komai ba.

A ganinmu, tafiyar da ta fi dacewa da Bahaushe a wannan yanki ita ce ta Gwanja, wadda ta ratsa Najeriya, Benin, Togo da Gana. A da, ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Sakkwato da kanwa, turkuɗi, fatu da jakuna, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yendi har Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja a arewacin Gana, su juyo da goro. Zuwa da dawowa kan ci kusan shekara. Sai dai mu faɗa tun da wuri, kada kowa ya ɗauki taswira ya ce zai bi sawun madugu. Dazukan Borgu da na Kainji ba su da tsaro. A arewacin Benin an sace Faransawa biyu a gandun dajin Pendjari a 2019, aka kashe mai yi musu jagora, kuma tun ƙarshen 2021 ake kai hare-hare a yankunan Alibori da Atakora. Togo ma ta kafa dokar ta-ɓaci a yankinta na arewa tun 2022. Hanyar da ake bi yanzu ta gaɓar teku ce: Kano zuwa Legas, wajen kilomita 1,000, daga nan Seme, Kwatano, Lome, Aflao, Akra, sannan a hau arewa ta Kumasi zuwa Tamale. Zagaye ne, amma shi ne mai kai mutum gida lafiya. Wanda bai da mako biyu a hannu, gara ya tsaya a Benin ya juyo.

Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake ci, wani lokacin har da dare, saboda kan iyaka uku ne a tsakani: Seme, Hilakondi da Aflao. A kowacce ana buga tambari biyu, na fita da na shiga. Shida ke nan a tafiya, 12 in an haɗa da dawowa, don haka a duba fasfo yana da shafuka fanko, kuma saura aƙalla wata shida wa'adinsa ya ƙare. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya bukatar biza, yarjejeniyar 1979 ta ba shi kwana 90 a kowace ƙasa. Katin zaɓe ko takardar NIN ba sa maye gurbin fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS wadda hukumar shige da fice ke bayarwa.

Takardar da ta fi kayar da mutane ita ce katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a ƙa'ida sai bayan kwana 10 da yinta, saboda haka wanda ya yi ta jiya ya kama hanya yau, katinsa bai nuna ba tukuna. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba sai an sake bayan shekara 10 ba. A karɓi katin a ofishin lafiya na filin jirgi ko na kan iyaka, wanda ke da lambar da ake dubawa a kwamfuta. Na bayan fage da ake sayarwa a tasha, jami'in lafiya na gane shi nan take, kuma daga nan ciniki ya buɗe. Mai tafiya da yara ya riƙe takardar haihuwarsu. In ɗayan iyaye ba ya cikin tafiyar, a zo da rubutacciyar amincewarsa, domin jami'ai a wannan hanya suna tsananta bincike saboda masu safarar yara, kuma suna da gaskiya.

Ga wani tarko da ya kamata jaridarku ta ja kunne a kansa. A bakin kowace boda akwai samari da za su tare ka su ce ka ba su wani abu su tsallakar da kai a babur ta bayan gari, ba layi, ba tambaya. Za su tsallakar da kai kuwa. Matsalar tana jiranka a boda ta gaba, inda jami'in da zai buga maka tambarin fita zai nemi na shiga ya rasa. A idon doka ka shigo ƙasar ta ɓarauniyar hanya, sai tara ko a mayar da kai inda ka fito. Kada mutum ya miƙa fasfonsa ga wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan kanta, ya kuma buɗe shafin ya ga tambarin da kwanan wata da idonsa kafin ya bar wurin. Akan kuma nemi ƙarin kuɗi a hannun mai sabon fasfo wanda ba a taɓa buga wa tambari ba. Babu dokar da ta ce haka. Neman rasit cikin ladabi yakan rage farashin.

Mai son zuwa da motarsa yana bukatar inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, takardun mota na asali da sunansa, da takardar izinin wucewa da kwastan na kowace ƙasa ke yanka wa motar da adadin kwanaki. In kwanakin suka cika motar tana ciki, tara ce. Shawararmu ga mai zuwan farko, ya bar motarsa a gida ya shiga bas.

Kuɗi uku za a taɓa: naira, sefa a Benin da Togo, sidi a Gana. Darajar sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 ga yuro ɗaya, shi ya sa ba ta rawa kamar sauran biyun. A canza kaɗan a boda, na mota da ruwan sha, sauran a bari sai cikin gari a wajen 'yan canjin Zango. A lissafa kuɗi a hannu kafin a saki naira. Abu biyu ƙanana kuma: agogon Togo da Gana yana bayan na Najeriya da Benin da awa ɗaya, wanda bai gyara nasa ba zai tashi sahur ko ya je tasha a kan kuskure, sannan soket ɗin Benin da Togo mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, cajar waya mai ƙafa uku ba ta shiga.

A Benin, Kwatano masauki ne kawai, abin kallo yana kewayenta. Ganbiye gari ne da aka kafa a kan turaku cikin tafkin Nokuwe, ana shiga kwalekwale daga Abome-Kalabi, kuma da sassafe ake zuwa lokacin da mata ke cin kasuwa a kan ruwa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, sun gaji da kyamara. Wida tana da nisan kilomita 40 a yamma, kan hanyar Togo. Daga tsakiyar gari akwai turba mai kilomita 4 da ake kora bayi zuwa bakin teku, inda aka gina ƙofar tunawa da su a 1995. Fadojin sarakunan Dahome suna Abome, tafiyar kamar awa uku zuwa arewa, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1985. A mako na biyu na Janairu ana bikin bodun, addinin gargajiyar ƙasar, a Wida, ɗakin kwana yakan yi wuya ya kuma yi tsada, wanda ba don bikin ya zo ba ya kauce wa makon.

Muna roƙo a buga wannan da manyan baƙaƙe: tekun Wida da na Lome ba na wanka ba ne. Igiyar ruwan tana ja ta ƙasa zuwa ciki, kuma iyon da aka koya a kududdufin unguwa ba ya fitar da mutum daga cikinta. A tsaya a kan yashi.

Togo ta gaɓar teku ba ta fi kilomita 50 da 'yan kai ba, bodar Aflao kuwa a gefen birnin Lome take, ana iya takawa da ƙafa.

A Akra, Bahaushe ba ya ɓata. Nima da Sabon Zango da Fadama duk ana jin Hausa, akwai koko da ƙosai da safe, tuwo da tsire da dare, ga babban masallacin ƙasa a Kanda da aka buɗe a 2021. Disamba ne kawai watan da birnin ke cika da baƙi daga Amurka da Turai, kuɗin masauki ya haura. Daga Akra kilomita kusan 150 ne zuwa Cape Coast, Elmina kuma tana gaba kaɗan. Turawan Fotugal ne suka gina ganuwar Elmina a 1482, Holan ta ƙwace ta a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, a nan kuma aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896. Mai jagora zai shigar da ku kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda aka riƙa tsare bayi, ba iska ba haske, mai ciwon asma ko hawan jini ya tsaya daga ƙofa. Gadar igiya ta dajin Kakum, mai tsawon mita 350 a saman bishiyoyi, tana da nisan kilomita 30 daga Cape Coast, a je da buɗewar ƙofa kafin motocin 'yan makaranta su iso. A duk waɗannan wurare kuɗin shiga kashi biyu ne, na ɗan Gana daban, na baƙo daban. A rubuce yake a allo, ba cuta ba ce, kada a tsaya musu.

Kumasi tana da gidan tarihi na fadar Manhyia, ginin da Ingila ta yi wa Prempeh a 1925 bayan ya dawo daga gudun hijirar dole a tsibirin Seshel. Duk bayan mako shida, ranar Lahadi, Sarkin Asante yana zaman Akwasidae a bainar jama'a. Wanda ya saba da hawan salla zai so ganin yadda wasu ke nuna sarautarsu ba doki ko ɗaya, sai laima da zinariya da tambura.

Daga Kumasi zuwa Tamale kusan kilomita 380 ne. Gandun dajin Mole yana yamma da Tamale, tafiyar kamar awa uku. Watannin Disamba zuwa Afrilu ne na ganin giwa, domin ruwa ya janye a daji, dabbobi suna taruwa a tafkunan da ke ƙasan masauki. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, giwayen sun bazu, sai a biya kuɗi a ga ganye. Ana fita da ƙafa tare da ma'aikacin gandu mai bindiga, da sassafe ko bayan la'asar, kuma da takalmi rufaffe ake shiga, ba silifa ba. A rufe ƙofar ɗaki da tagar mota, birai sun san leda. A bakin gandun akwai Larabanga da tsohon masallacinta na laka mai farar ƙasa da sanduna a jiki, da kuka a gefensa. Mutanen garin suna cewa an gina shi tun 1421. A yi magana da dattawan masallacin a kan abin da za a bayar kafin a fara zagaye, in ba haka ba samari uku za su bi ka, kowa ya ce shi ne jagora.

Salaga tana kudu maso gabas da Tamale, kilomita wajen 120. Akwai kuma tsohuwar hanya daga Kumasi ta Yeji, inda ake shiga jirgin fito a ƙetare tafkin Bolta zuwa Makango, amma jirgin ba ya cika alƙawarin lokaci, mai iyali ya bi ta Tamale. Kada a je da tsammanin ganin birni. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, 'yan kasuwa da malamai suka koma Kete Karachi da Kumasi da Yeji, cikinsu har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete Karachi a 1934. Abin da ya saura shi ne rijiyoyi birjik, filin tsohuwar kasuwa, da rafin da har yau ake kira Wankan Bayi. Mu Hausawa mun fi son tuna goron, amma a kasuwar nan an sayar da mutane, kuma fataken ƙasarmu suna cikin masu saye da masu sayarwa. Wanda zai tsaya yana jimami a Elmina ya kamata ya yi irin wannan tsayuwar a Salaga. Wanda ya dace da watan Mauludi kuma zai tarar da bikin Damba a Tamale da Yendi, da dawakai da kiɗan kalangu.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar masu karanta wannan jarida: ƙasarku ta fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar kuma ta ce za a ci gaba da karɓar takardunku har sai ta sanar da wani abu daban. Gadar Gaya da Malanbil an rufe ta bayan juyin mulkin 2023, don haka a binciki halin da take ciki a tashar mota kafin a sayi tikiti. Mutanen Maraɗi da Damagaram su biyo ta Kano.

Muna fata, Malam Edita, kafin hutu mai zuwa ka tura wakilinka ya bi wannan hanya a bas, ya kawo wa masu karatu kuɗin mota da na masauki na wannan lokacin, tunda farashin da muka rubuta yau ba zai kai wata uku yana aiki ba.

Wassalam.

Daga wasu direbobi da 'yan rakiyar matafiya,
Sabon Gari, Kano