Zuwa ga manajan kamfanin da ya ɗauko mini kaya daga Legas

Ranka ya daɗe,

Jiya Alhamis da ƙarfe 4:10 na yamma na kira layinku karo na bakwai a kan kayana da suka makara a hannunku har suka lalace. Aka yi sa'a wani yaro ya ɗauka. Ban gama faɗin lambar rasidi ba ya katse ni: "Alhaji, mu fa ba mu muke zuba kwalta a titin jirgi ba." Ya kashe wayar. Na haife shi, amma a bar wannan.

Magungunan dabbobi nake sayarwa. Ranar 3 ga wata na sa aka kai ofishinku na Legas kula huɗu na rigakafin kaji, Gumboro da Lasota, an jera musu ƙanƙara. Na biya naira 186,000, kuɗin dakon jirgin sama da kuke kira na kwana ɗaya. Duk mai kiwon kaji ya san wannan magani ba ya son zafi ya haura digiri 8, kuma an rubuta haka ɓaro-ɓaro a jikin kowace kula.

Sai da kayan suka kwana huɗu. Da na buɗe, ƙanƙarar ta koma ruwa mai ɗumi kamar na alwala, takardun kwalabe sun jiƙe suna saɓulewa a hannu. Direban da ya kawo su ne ma ya faɗa mini gaskiya: ana rufe titin saukar jirage na filin jirgin garinmu da daddare saboda gyara, naku jirgin kuma da tsakar dare yake sauka, don haka kayan suka yi ta zama a sito, daga baya aka loda su a mota. Wato kuɗin jirgi na biya, hanyar mota aka biyo da su.

Ba ni da ja da gyaran. Titi ya tsufa dole a taɓa shi, kuma na gane dalilin yin aikin da dare, tunda rana ta fasinjoji ce. Amma ba a wayi gari kawai an ga injinan kwalta a titin jirgi ba. Ana fitar wa masu tuƙa jirage sanarwar da ake kira NOTAM tun kafin a fara, kuma babu kamfanin da zai tashi jirgi bai karanta ta ba. A 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida aka karkata jirage zuwa Kaduna, har mai shayi ya sani tun kafin ranar. Ku kun san jirginku ba shi da wurin sauka, kuka karɓi kuɗina, ba wanda ya ce mini uffan.

Na je ofishinku sau biyu ko uku, kullum manaja ya fita. Na tura saƙonni ba adadi. Manoma tara na mayar wa kuɗinsu, ɗaya daga cikinsu tsakinsa dubu biyu ne suka wuce ranar rigakafi.

Ina neman kuɗin dakona da kuɗin maganin, naira 1,340,000. Sannan ku buɗe littafinku ku duba mutum nawa kuka karɓi kuɗin kwana ɗaya a hannunsu tun da aka fara aikin nan, domin a layin ofishinku kaɗai na haɗu da mai kifi da wata Hajiya mai kayan asibiti, duk labarin ɗaya ne. Har jiya ba ku liƙa ko takarda a kanta kun gargaɗi mutane ba, kuma farashin bai sauka ba.

Idan Litinin ta yi ban ji daga gare ku ba, rasidin da hotunan kulolin za su tafi sashen kare haƙƙin masu hulɗa na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA.

Naku,
Wani mai shagon magungunan dabbobi