Ba a auna ƙaunar Allah da nauyin aljihu

Malam Edita,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ni mai sauraron filinku ne na Kirista na ranar Lahadi, daga nan Marwa, a arewacin Kamaru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wa'azin baƙon da kuka sa a makon jiya, wanda ya ce ana gane wanda Allah ya fi ƙauna: kasuwarsa tana ci, jikinsa lafiya lau, 'ya'yansa suna karatu a Yawunde, balle in ba ya wasa da zakka. Wataƙila da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma ya kamata a tuna wa ke riƙe da rediyo a yankin nan.

Ana jin ku a Minawao, sansanin da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, inda 'yan gudun hijirar Najeriya sama da dubu 70 suke zaune, da yawansu Kiristoci daga duwatsun Gwoza. Ana jin ku a gidajen da suka karɓi mutanen Turu da Kolofata da Amcide bayan Boko Haram ta kore su daga gonakinsu. Tsohuwar da ta rasa mijinta da rumbunta a dare ɗaya, me ta ɗauka daga wannan wa'azi? Cewa ita ce ta baya a layi wurin Allah ke nan.

Yesu Almasihu bai koyar da haka ba. A Luka sura 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo musu suka mutu, ya tambaya ko sun fi sauran mazauna Urushalima laifi, ya amsa da kansa cewa a'a. A Matiyu sura 5 ya ce Uban yana fito da ranarsa a kan mugu da nagari, yana sako ruwan sama wa mai gaskiya da marar gaskiya. Wurin da ya fi shiga raina kuwa shi ne misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20, domin duk wanda ya taɓa ganin 'yan ƙwadago suna jiran mai ɗauka lokacin dashen masakwa a nan yankinmu na Diyamare ya san labarin tun kafin a karanta masa. Mai gona ya ɗebi wasu da sassafe a kan dinari guda, ya koma da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har saura awa ɗaya a tashi ya tarar da wasu a tsaye. Da ya tambaye su dalili, suka ce ba wanda ya ɗauke su. Ba lalaci ba ne, rashin mai ɗauka ne. Da yamma ya biya kowa dinari guda, har ya fara da na ƙarshen. Na safe suka yi gunaguni, kuma ni ma da ina cikinsu da na yi. Sai dai ba a rage musu ko anini ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an daidaita su da waɗanda suke gani ba su kai ba.

Wani zai ce, in ƙaunar ɗaya ce, don me rabon ya bambanta? Tambaya ce mai nauyi, kuma bangaskiyarmu ba ta yi alkawarin cewa kowa zai sami buhun gero daidai da na maƙwabcinsa ba. Inda ta ce a duba a ga ƙaunar shi ne gicciye. Bulus ya rubuta wa Romawa cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, wato kafin kowa ya kawo baiko ko zakka. Farashin da aka biya domin babban ma'aikaci daga kudu, shi aka biya domin yaro ɗan ƙabilar Mafa mai tura ruwa a unguwar Domayo.

To amma mu ma 'yan ikilisiya muna da namu laifin. Yakubu ya yi gargaɗi a sura ta 2 ta wasiƙarsa kada a ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a ce wa matalauci ya tsaya can. A je majami'unmu ranar bikin godiya a ga wa ake kira gaba. Har yanzu akwai masu kiran mutanen dutse "kirdi", wato arna, da raini, ciki har da masu zuwa sujada tare da su. Ni ba ɗan Katolika ba ne, amma ina cire hula ga Baba Simon, limamin Katolikan nan ɗan yankin Edea da ya bar kudu a 1959 ya zo ya zauna a Tokombere, yana hawa duwatsu ba takalmi, yana zama da mutanen da ake ƙyama, har dab da rasuwarsa a Edea a 1975. A 2023 Fafaroma Francis ya amince da nagartar rayuwarsa. Da aljihu ake auna ƙaunar Allah, da wannan bawan Allah bai sami komai ba.

Akwai gefen da ya fi ɗaci, ba zan ɓoye ba. In ƙaunar nan ta kai ga kowa, ta kai har ga tubabbun 'yan Boko Haram da gwamnati ke tarawa a Mora da Meri tun bayan kafa hukumar karɓar makamai a 2018. Wanda aka yanka wa ɗa ba za a ce masa ya manta ba, kuma shari'a tana da nata aikin. Amma Bulus ɗin da muke karantawa kowace Lahadi, shi ne ya tsaya yana tsaron tufafin masu jifan Istifanas. Ba mu da ikon karɓar nasa tuban mu rufe ƙofa ga na wasu.

Roƙona, Malam Edita, ku ba wani fasto ko katikis da ke aiki cikin 'yan gudun hijira a Mayo-Tsanaga, yankin da Minawao take, fili ya yi magana kan wannan batu, a kuma maimaita shirin da Fulatanci da Mafa, tunda da yawa daga cikin waɗanda maganar ta taɓa ba Hausa ko Faransanci suka fi ji ba. In baƙon naku zai dawo su zauna tare, ya fi.

Na gode.

Mai sauraronku,
daga Domayo, Marwa