Zuwa Ga Abokan Cinikinmu: Maganar Taya Mai Faɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, yayyenmu direbobin tasi, da ƙannenmu samari masu sabon jini, muna gaishe ku daga shagonmu na taya da ke Aboabo, nan Kumasi. Da fatan kasuwa na tafiya, iyali kuma suna lafiya.

Tun bayan Babbar Sallah, da wuya rana ta faɗi ba a samu wanda ya shigo ya ce mana, "Masta, cire min waɗannan siraran, ɗaura min masu faɗi." Mu 'yan kasuwa ne, kuma taya mai faɗi ta fi tsada, ribarta ta fi tsoka. Da son zuciya za mu bi, da shiru za mu yi mu ɗaura. To amma mu ake dawo wa da ƙorafi, kuma sahu ɗaya muke tsayawa da ku a masallaci. Shi ya sa muka ga gara mu faɗa muku a rubuce.

Bari mu fara da namu kuskuren. Bara wani Alhaji, tsohon abokin cinikinmu, ya kawo Corolla ɗinsa wadda kamfani ya rubuta mata 195/65 R15, ya ce 215/65 R15 yake so. Yaronmu ya ɗaura, ni kuma ina zaune a kan benci ina shan koko, ban ce uffan ba. A cikin gari komai lafiya. Sai ga biki ya taso a Tamale: mutum biyar a mota, but cike da akwatuna da buhun shinkafa, shokozoban baya kuma dama sun gaji. Kafin su isa Techiman, duk tudun rage gudu da suka hau sai a ji "ƙurrr" daga baya. A Kintampo mai faci ya leƙa, ya ga bakin bodi ya fere kafaɗar tayoyin baya kamar an sa aska. Allah Ya tsare, ba su fashe ba. Da Alhaji ya dawo bai yi faɗa ba, ajiye tayoyin kawai ya yi a gabana ya ce, "Ɗana, duba aikinka." Da faɗan ya yi, da ya fi min sauƙi. Muka canza masa da kuɗinmu.

Abin da ya faru yana nan a cikin lambobin da ke jikin taya, waɗanda yawancinmu ba ma karantawa. A 195/65 R15, 195 faɗin taya ne da milimita, 15 girman rim ne da inci. Lambar tsakiya ita ce mai yaudara: 65 na nufin tsayin gefen taya kashi 65 cikin ɗari ne na faɗinta. Ke nan in ka ƙara faɗi ka bar 65 yadda take, tayar ba faɗi kawai ta ƙara ba, har da tsayi. Ta asali tana da kusan milimita 635 daga ƙasa zuwa sama, wadda muka ɗaura wa Alhaji kuwa kusan 660. Ƙarin kashi 4 cikin ɗari ke nan. Ban da gugar bodi, maleji ma ya canza lissafi: motar na gudu fiye da yadda allura ta saba nuna maka da kashi 4 ɗin nan. A wannan sana'a, in bambancin ya wuce kashi 3, ba a so.

Samari kuma tasu hanyar daban ce. Su rim 17 suke sayowa mai walƙiya daga Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, su ce a sa 225/45 R17. Gaskiya lissafin tsayi ya fita daidai, kusan 634 ne, maleji ba zai yi ƙarya ba. Kuma motar tana yin kyau, wannan ba musu. Amma ku dubi gefen tayar: daga kusan milimita 127 ya koma 101. Wannan naman da aka rage shi ne katifar da ke tsakanin rim da rami. A titin da yake sumul ba za ka san ka yi asara ba. A lungunanmu na Asawase da Sabon Zongo, ko bayan damina ta ci gefen kwalta, rami ɗaya ya isa ya fitar wa taya ƙulu a gefe ko ya lanƙwasa rim. Ƙulun gefe kuwa ba ya faci, duk wanda ya ce zai gyara maka shi, kuɗinka yake so. Akwai tarin irin waɗannan tayoyin a bayan shago, zanensu sabo fil, gefe a kumbure. Duk mai shakka ya zo ya taɓa da hannunsa, gani ya kori ji.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi damuna. Mutane na ɗauka faɗi shi ne riƙo. A busasshiyar kwalta haka ne, musamman a kwana. Amma in aka tafka irin ruwan Yuni, ruwa ya kwanta a titi, taya mai faɗi ruwan da za ta kora daga gabanta ya fi yawa, don haka ta fi saurin hawa kan ruwan ta yi ta sulɓi, sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. In zanen ya cinye, abin ya fi muni. A cikin ramin zanen kowace taya akwai ɗan tudu da ke nuna milimita 1.6. In zane ya zo daidai da shi, tayar ta gama aiki, komai faɗinta.

Mai tasi ba sai mun yi masa dogon bayani ba: faɗi na ƙara nauyi da jan ƙasa, mota ta ƙara shan mai, kuma shi ke zuwa gidan mai kullum. Ku tuna da safaya ma, da kuma cewa 195/65 R15 kusan duk garin da ka tsaya a hanyar arewa za ka same ta, 225/45 R17 kuwa sai an sha nema.

Ba mu ce faɗi haramun ba ne. Corolla da yawa daga kamfani suke fitowa da 205/55 R16, tsayinta kusan 632, ta zauna daram. Irin wannan taki ɗaya, da rim ɗin da ya dace, za mu ɗaura maka da farin ciki.

Daga wannan wata, ga yadda za mu riƙa aiki. Kafin a kwance ko noti ɗaya, yaro zai buɗe ƙofar direba ya karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, inda kamfani ya rubuta girman taya da yawan iska. Ita ce shawararmu ta farko, ba tayar da motar ta zo da ita daga tashar jiragen ruwa ta Tema ba, don sau da yawa an riga an canza ta a can Amurka ko Turai. In ka nace sai mai faɗi, za mu yi lissafin tsayi a gabanka, mu murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu, mu sa yara su zauna a baya mu ga ko za ta taɓa. Ba za mu ɗaura tayar da lambar ɗaukar kayanta ta gaza ta kamfani ba. Lambar nan 91 da kuke gani bayan girman taya, kilo 615 take nufi ga kowace ƙafa. Ba kuma za mu haɗa girma biyu daban a ƙafafun gaba ko a ƙafafun baya ba, ko da hom-yus ce mai araha, wato tayar da aka riga aka yi amfani da ita a ƙasar waje. Za mu nuna maka lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: 2321, alal misali, mako na 23 ne a shekarar 2021. Duk wannan zai shiga rasit ɗinka.

Wanda muka taɓa ɗaura wa mai faɗi kuma yake jin guga ko sitiyari na ja, ya kawo motar mu duba, ba ko pesewa. Ku zo da safe kafin layi ya yi tsawo. Ranar Juma'a muna rufewa daga ƙarfe 12 sai an sauko daga masallaci.

Allah Ya tsare mana hanya.

Naku,
Mai shago da yaransa,
Aboabo, Kumasi