Jirgin da ake haɗawa a gareji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da ya sa abokaina suka yi mini dariya a majalisa: na ce mutum yana iya haɗa jirgin sama a garejin gidansa.

A Amurka, kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon yana sayar da sassan ƙaramin jirgi cikin akwatuna, da takardun zane. Kai za ka huda falankin alminiyum, ka danne ƙusoshi dubbai ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaura fiffike da farfela. Dokar Amurka ta ce dole fiye da rabin aikin ya fito daga hannunka, kuma sai jami'i ya duba kafin ka tashi. Wasu kan shafe shekaru suna fama, daga an tashi aiki sai gareji.

Ni da na tsufa ina gyaran mota, abin da ya fi burge ni shi ne ba a yarda da "a lallaɓa". Ƙusa ɗaya ta karkace, cire ta za ka yi. Mota in ta mutu ka gangara gefen titi. A sama ina gefen?

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Air Beetle, jirgin da sojojin samanmu suka koyi tuƙi da shi, a nan Kaduna aka harhaɗa shi daga samfurin RV-6A na wannan kamfani. Don Allah ku nemo waɗanda suka yi aikin, ku yi hira da su tun suna raye.

Naka,
Wani tsohon bakanike,
Kakuri, Kaduna