Wasiƙar godiya ga wani shagon gyaran gogen Turawa a garin Mittenwald na ƙasar Jamus

Zuwa ga Maigida mai shago da yaransa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu ne masu kula da tafiyar makaɗan nan huɗu, masu biyolin biyu, da mai biyola, da mai cello (dukansu gogen Turawa ne, biyolin ƙarami, biyola ta ɗan fi shi girma, cello kuma babba), waɗanda suka faɗo muku da la'asar cikin sanyin Janairu a hanyarsu ta zuwa wasa a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya, rungume da cello da wani abu ke ta ƙwal-ƙwal a cikinsa. Ba mu ambaci sunan shagon ba saboda ba mu nemi izininku ba, amma godiyar ta fi ƙarfin a yi ta a ɓoye.

Bari mu fara da abin da ya lalace, don mai karatu ya san girman abin da kuka yi. Wanda ya san goge ya san rabin maganar: akwai tsirkiya, akwai jakin da ke ɗauke da ita, akwai izgar doki da ake shafa wa ƙaro. Bambancin shi ne maimakon ƙwarya da fata, cello akwati ne na siririn katako, kaurin fuskarsa bai wuce milimita huɗu zuwa biyar ba. A cikinsa, daf da ƙafar jaki ta ɓangaren siririyar tsirkiya, akwai ɗan ginshiƙi mai kaurin milimita 11 ko kusa da haka, tsaye tsakanin fuska da baya. Ba a manna shi da gam, matsi ne kawai ke riƙe da shi. Faransawa da Italiyawa "rai" suke ce masa, kuma ba su yi ƙarya ba. Idan ya faɗi, murya ta tafi, sannan nauyin tsirkiyoyi huɗu ya koma kan fuskar da babu abin da ke tallafe da ita.

Irin wannan katako yana son damshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. To a Jamus lokacin sanyi, otal da ɗakin kiɗa duk hura musu ɗumi ake yi dare da rana, iska ta bushe ƙamas kamar hunturun da ke fasa dunduniya. Ɗan ma'aunin damshin da ke cikin akwatin ajiye cellon ya kwana uku yana ƙasa da 30. Kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su suka tsuke suka saki, tsirkiyoyi suka yi sako-sako, girgizar mota ta ƙarasa aikin. Ga kuma gefen ƙasa, inda fuska ta haɗu da haƙarƙari, ya buɗe kamar tsawon yatsa. Saura kwana ɗaya da yini a hau dandamali.

Kafin mu iso wurinku mun gwada wurare biyu a wani babban birni da muka baro. Na farko ko barin mu gama bayani bai yi ba a waya, ya ce a kawo bayan mako biyu. Bai tambayi irin kayan ba, balle ya ce a sassauta tsirkiya kafin lokacin. Na biyu shago ne na sayar da jita da ganguna. Mai tsaron wurin, cikin fara'a kuwa, ya ɗauko farin gam irin na kafintoci ya ce minti goma ya ishe shi. Allah ya so mai cellon ta rungume kayanta ta fito. Da gangan masu ƙera waɗannan kaya suke amfani da gam ɗin fata, wanda ake jiƙawa a narkar a ruwan ɗumi, kuma da gangan suke tsinka shi a gefen fuska, domin idan katako ya motsa gam ɗin ya saki, kada katakon ya tsage. Buɗewar gefe gyaran kwana ɗaya ce. Farin gam kuwa riƙewa yake yi ƙam, ya shige cikin katako, ranar da za a buɗe kayan don wani gyara sai ya taho da tsokar itacen.

Da wannan fargabar muka tura ƙofarku. Baiwar Allahn da ke kan teburin aiki kusa da taga ita ta tarbe mu, kuma tambayarta ta farko ita ce ko mun sassauta tsirkiyoyin. Ta biyu, kayan na wane ne? A nan hankalinmu ya fara kwanciya, don wanda ya san sana'ar ne kaɗai ke yin wannan tambayar. Cellon aro ne daga wata gidauniya, kamar yadda matasan makaɗa da dama ke samun kayan kirki, kuma takardar aron ta hana kowa taɓa shi sai da izini. Ba ta sa hannu ba sai da ta kira ofishin gidauniyar, ta ɗauki hoton gaba da baya da gefen da ya buɗe, ta rubuta abin da za ta yi da kuɗinsa a takarda ta miƙo mana.

Sannan muka ga aiki. Ta karkata cellon a hankali har ginshiƙin ya gangaro bakin ramin nan mai lanƙwasa da ke kan fuska, ta zaro shi. Ta zura 'yar fitila da ƙaramin madubi irin na likitan haƙori ta duba ciki, tana neman tsaga a daidai inda ginshiƙin ke tsayawa. Wannan ce tsagar da kowa ke tsoro, domin idan ta fito a bayan kayan, 'yan kasuwa sukan zaftare kusan rabin kuɗinsa. Babu ita, alhamdu lillahi. Ta bi gefen gaba ɗaya tana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, ta gano wuri na biyu da ya fara saki wanda mu ba mu ji ba. Ta goge tsohon gam da ruwan ɗumi, ta shigar da sabo da siririyar wuƙa, ta jera matsai masu taushin baki, ta ce a bar shi ya kwana.

Ranka ya daɗe, kai kuma da ka auna tsohon ginshiƙin ka ce an yanka shi gajere tun asali, shi ya sa ɗan saki kaɗan ya kayar da shi. Ka yanka sabo, ka sa tsohon a ambulan ka ce a mayar wa gidauniya. Ka kuma ba mai cellon aron wani na shago don kada atisayen daren ya faɗi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne washegari. Da aka ɗaure tsirkiya, ba ku ce a biya a tafi ba. Kuka ture kujeru kuka ce duk su huɗun su zauna su kaɗa tare, domin muryar cello a irin wannan ƙungiya a cikin sauran ukun ake auna ta. Sau uku baiwar Allahn nan tana zura lanƙwasasshen ƙarfenta tana ɗan taɓa ginshiƙin, motsin da bai kai milimita ɗaya ba, har mai biyola ya ce yanzu yana jin ƙasan da yake takawa. Sauran hidima, sabuwar izga a sandar mai biyolin na biyu da shafa wa kunnuwa magani, ba sai an faɗa ba.

Wani zai ce duk wannan surutun a kan wasa ɗaya? Ƙungiyar makaɗa huɗu galibi ba ta da albashi. Abin da aka biya a daren wasa daga ciki ake cire kason wakili, da kuɗin otal, da kuɗin tafiya, har da tikiti na biyar, don cello kujerarsa daban yake hawa a jirgin sama. Abin da ya rage a raba huɗu. Shi ya sa yawancinsu ke koyarwa ko yin ƙwadago a manyan ƙungiyoyi tsakanin tafiya da tafiya. Masu ɗakunan kiɗa kuma tun shekara ɗaya ko biyu kafin lokaci suke tsara jadawalinsu, kuma matashiyar ƙungiyar da ta soke wasa ba lallai a sake kiranta ba. Ƙofar shiga ƙunci ne da ita. Manyan gasanni irin na Banff a Kanada da na Wigmore Hall a Landan duk bayan shekara uku ake yin su, wanda ya yi nasara kuma 'yan shekaru kaɗan gare shi ya mayar da lambar yabo ta zama gayyata mai ɗorewa. Ba a kuma ɗauko baƙo a cusa rana ɗaya. Ƙungiyar Amadeus mutum huɗun nan dai su ne daga 1947 har 1987, da mai biyolansu Peter Schidlof ya rasu sai suka rufe ƙungiyar maimakon su nemi wani. Saboda haka kayan mutum ɗaya idan ya tsaya, abincin gida huɗu ne ya tsaya.

Mun san garinku ba baƙo ba ne a wannan sana'a. Tun zamanin Matthias Klotz, a ƙarshen ƙarni na 17, ake ƙera biyolin a Mittenwald, ga kuma makarantar koyon sana'ar tun 1858. Amma ba gado muke yabo ba, don mun sha shiga wurare masu dogon tarihi mun fito da takaici. Kulawar muke yabo, kuma ita ce ta yi ƙaranci a hanya. Sai ka sayi kujerar cello da kuɗinka, ga takarda a hannu, ma'aikacin filin jirgi ya dube ka ya ce a jefa shi cikin kaya, inda sanyi da wurgi ke jira. A Amurka tun 2015 doka ta tilasta wa kamfanonin jiragen ƙasar barin ƙananan kayan kiɗa su shiga ciki idan da wuri, da kuma barin manya su hau kujerar da aka saya musu. A wurare da yawa kuwa sa'ar wanda ka tarar a kan tebur ce kawai. Haka batun tsofaffin sandunan izga masu ɗan hauren giwa a baki ko ƙoƙon kunkuru a mariƙi. Yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita ketare iyakar ƙasashe da sassan dabbobin da ke neman ƙarewa, ta tanadi takardar shaida ta musamman ga kayan kiɗa, mai aiki shekara uku, amma sau nawa makaɗi ke tsayawa yana yi wa jami'i bayanin takardar da ofishinsa ya kamata ya sani? Masu ɗakunan wasa su ma da nasu. A kashe maƙudan kuɗi a kan fitilu da kujeru, amma na'urar ƙara damshi guda ɗaya a ɗakin ajiye kaya ta gagara, sai makaɗa su riƙa shanya jiƙaƙƙen tawul a kan bututun ɗumi.

Shawarar da kuka rubuto mana a bayan rasiti tana manne a cikin murfin akwatin: a jiƙa robar damshi, wato 'yar robar nan mai soso da ake sa wa cello a ciki, a matse ta sosai kafin a zura, kada ta ɗiga a ciki, idan an shigo daga sanyi a bar akwati a rufe kamar rabin sa'a, kada a taɓa sassauta tsirkiyoyi huɗu lokaci ɗaya sai in ginshiƙi ya riga ya faɗi, a dawo da cellon a sake duba shi idan zafi ya shigo. An yi wasan Innsbruck a kan lokaci, gidauniya kuma ta karɓi rahotonku ba ta nemi ƙarin bayani ba. In Allah ya kai mu watan Yuni za mu biyo da shi. A miƙa gaisuwarmu ta musamman ga baiwar Allahn da ke kusa da taga. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi.

Naku,
Masu kula da tafiye-tafiyen ƙungiyar